Usta Habibu da Tayoyin da Na Shafa wa Mai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago a Misfala, nan Makka, da safen nan waya ta shigo: Usta Habibu mai gyaran AC na unguwar Hindawiyya ya rasu.

Har yanzu ban kunna fitilar shagon ba.

Shi ya saka ni tseren ƙananan motocin rimot ɗin nan, a filin ƙasa da muka share a hanyar Jidda. Mu duk injin muke kallo, shi kuwa ƙasa yake kallo. Kafin ya ɗaura taya sai ya durƙusa ya ɗora bayan hannunsa a kan fili. In ƙasa ta yi zafi, ya sa taya mai tauri. In rana ta faɗi ƙasa ta huce, ya sa mai laushi.

Ranar da na bar tayoyina a but ɗin mota rana ta sake musu gam, shi ya zauna da buroshi ya wanke, ya manna, yana tsokanata: "Ya sheikh, taya ce ko gurasa kake gasawa?"

Shekara huɗu ban taɓa wuce shi ba sai sau ɗaya. Kun ga hoton a shafin nan, na yi ta cika baki.

To ga gaskiyar. A dokarmu ba a shafa wa taya komai. Ni kuwa ɗan kasuwa, na shafa man da ke tausasa roba, na ɗaure a leda kwana biyu. Da na ci, ya ɗauki motata, ya kai tayar hancinsa, ya kalle ni. Sai ya ce, "Mabruk, Sabi'u." Bai faɗa wa kowa ba.

Juma'ar da ta wuce ya miƙo mini kwalin tayoyinsa, kowace da rubutu: safe, la'asar, bayan an watsa ruwa. Ya ce, "Riƙe. Ka dinga taɓa ƙasa, ba ka bukatar wani abu."

Na buɗe baki zan roƙi gafararsa, sai na ce a raina bari sai wani satin.

Ku da muke tsere tare, ku goge sunana daga wannan nasarar. Tasa ce.

Bayan la'asar za a sallace shi a Harami. Allah Ka yafe masa, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa mini, Ka sanyaya masa makwanci. Wanda ya karanta, don Allah ya sa Habibu a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.