Bangon da ba ya ƙarewa

Kakata Iya Dije ba ta tatsuniya da baki kaɗai. Da an idar da sallar isha'i a gidanmu na Zariya, sai ta jawo toka daga murhu, ta baje, ta riƙa zana labarin da tsinke. Mu kuwa sai ture-ture, kowa na son gefen wuta.

Akwai wadda take yawan yi mana, ta wani magini mai zanen bango. Wani attajiri ya kira shi ya ƙawata masa gida, ya ce ran da ya gama sai ya tafi. Don ɗoki, maginin bai tsaya ya zana a ƙasa sun daidaita ba, ya haye tsani kawai. Duk sanda ya kusa gamawa, sai attajirin ya sa a ƙara katanga.

Na ce, "Iya, to yaushe ya koma gida?"

"Gida? Kai dai ka cika gajen haƙuri! A kan tsanin nan furfura ta same shi."

Haushi ya kama ni, na ce wannan ai mugunta ce. Ta yi ta dariya har da tari.

Na girma, ina gadi a wani otel da ake ginawa a Doha, sai aka kawo wani mai zane daga Meziko ya yi musu hoto a bangon zaure. Kafin ya taɓa fenti, sai da ya kwashe makonni yana zana komai da gawayi a manyan takardu: manoma, masara, mata da tulu. Da ya kammala, manaja ya so ya ƙara masa wani bangon. Mutumin ya warware takardarsa, ya ɗora yatsa inda zanen ya tsaya, ya ce, "Khalas," wato an gama. Ni na kai masa jaka mota.

Na koma ɗakin da muke cushe a unguwar Bin Omran, na rasa abin da ke min daɗi. Fasfona yana hannun kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki. Duk lokacin da na nemi izinin tafiya, sai ya ce sabon gini ya taso, in bari a gama. Matata ta haihu bayan tahowata, yarinyar har ta fara magana ban taɓa ɗaukarta ba.

Wallahi ranar na yi kuka. Ina yaro na ɗauka maginin wawa ne. Ashe tsoro yake kada ya yi tambaya a ba wani aikin, kamar yadda na ji ran da aka ce min ga biza.

Washegari na kira gida, aka miƙa wa yarinyar waya. Ta saurari muryata, ta ce da uwarta, "Umma, wani mutum ne."