Yaya Sule, Kansilan Matattu

Shekara ashirin ke nan da muka kai yayana, Malam Sule, makwancinsa a Agege. A nan Legas aka haife mu, kakanmu sojan Turawa ne da ya zo bai koma ba. Ni tela ne, shi kuma na'ibin liman a masallacin unguwa, Yarbanci a bakinsa kamar a Ibadan aka binne cibiyarsa.

Da soja suka koma bariki aka rantsar da sababbin ciyamomi, kowa a unguwar Hausawa ya wasa wuƙarsa. Wannan na son rumfa a kasuwa, wancan na son a ba ɗansa muƙami. Dattawa suka haɗa tawaga zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, suka tafi da Yaya don ya yi musu tafinta. Da kowa ya gama, aka tambaye shi nasa roƙon, sai ya roƙi gawa.

A lokacin, ɗan ci-rani mai dako ko mai ga-ruwa in mota ta buge shi a Mile 2, ko zazzaɓi ya kashe shi, ba shi da kowa. Gawar takan daɗe babu mai nema, daga ƙarshe a haɗa ta da wasu a binne, ba wanka ba salla. Abin da Yaya ya nema shi ne, kafin a binne baƙon Arewa a aiko masallaci. Ciyaman ya yi dariya ya ce matattu ai ba sa zaɓe.

"Oga ciyaman," in ji Yaya, "ni da kai ma wata rana za mu daina."

Ba a amsa masa a ranar ba. Sai ya mayar da bencin ƙofar ofishin wurin zamansa duk Litinin, da carbinsa da goronsa, yana gai da kowa da Yarbanci har da masinja. Unguwa ta laƙaba masa Kansilan Matattu, yana amsawa kuwa. Mai nema yana tare da samu: a kwana a tashi aka soma aikowa. Shi ke wanka, ni ke yanka likkafani.

To, a wurin ma'aikatan da ke kawo gawar duk ɗan Arewa Malam ne. Wata rana suka kawo wani saurayi, aka yaye mayafi za a yi wanka, sai ga gicciye a wuyansa. Wasu suka ce a mayar musu da abinsu, ba namu ba ne. Yaya ya sani sarai in an mayar ina za a kai shi. Ya lulluɓe shi da mayafin, ya hau babur ɗin okada zuwa Isolo wurin wani fasto ɗan Filato mai wa'azi da Hausa.

"Fasto," ya ce, "ɗanku ne ya yi ɓatan kai zuwa wurinmu. Zo ka kai shi yadda kuke kai naku."

Daga nan bencin ya zama na mutum biyu, shi da faston. Wannan zaman bai yi wa wasu daɗi ba, kuma da liman ya rasu aka tsallake Yaya aka naɗa wani. Shi bai taɓa tada zancen ba. Ni dai abin ya ƙona mini rai, har yau ma yana ƙonawa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kafin a rufe mamaci hotonsa ya zagaye wayoyi. Na san zai ɓata fuska, don shi bai yarda a kalli gawa ba sai mai wanka, amma zai yi shiru in ya ga ta haka ake gano dangi. An taɓa yi masa alkawarin filin maƙabarta, har gobe kuwa alkawari ne. Ciyamomi sun zo sun wuce, ba mai tuna wanda ya zauna a bencin. Sai dai aiken bai yanke ba, waya ce kawai ta maye gurbin masinja.

A daminar da ta wuce wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauyen Jigawa, watanni bayan mun binne ɗanta mai turin baro. Aka kawo ta shagona. Ba ta tambayi yadda ya mutu ba, ba ta tambayi kayansa ba.

"Malam, an yi masa wanka?"

Na ce an yi, an sallace shi, da hannuna na yanka likkafaninsa. Ta yi hamdala, ta sauke numfashi, sannan ta nemi ruwa ta sha. Ba ta taɓa jin sunan Yaya Sule ba, amma saboda shi na iya kallon idonta na ce an yi. Allah Ya jiƙansa.