Malam Sule da Digirin Kwantam

Ku da kuka san Malam Sule mai koyar da Fizis a sakandarenmu ta Malumfashi, kun san ba ya rabuwa da alli. Ko wajen ɗaurin aure aka je, hannunsa fari fat! Shekara tara muna koyarwa tare, ni ina Hausa, kuma wallahi har yau ban gama gane abin da yake nema ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ya karanta a wata mujalla cewa za a iya ƙera kwamfuta mai aiki da wani ilimi wai shi kwantam. Lokacin ko kwamfutar da ake da ita babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Shi ke nan, ya ce digiri na uku zai yi a kai.

Na ce, "Malam, mene ne kwantam ɗin nan?"

Ya zana sifili da ɗaya a ƙofar ɗakina. "Abu guda ne zai zama duka biyun lokaci ɗaya, muddin ba ka leƙa ba."

"In na leƙa fa?"

"Ka ɓata aikin!"

Na ce to madalla, goge mini ƙofa.

Surukinsa Alhaji Mamman, mai sayen auduga a Funtuwa, da ya ji labari sai ya riƙe baki. "Digirin kwantai? Haba Sule! Kayan da suka yi kwantai ma sai an je Turai an karanto su? Zo shagona, kyauta zan koya maka."

Da magana ta bazu cewa zai zama dakta, wata tsohuwa ta taso tun daga Dandume da ciwon gwiwa. Ya ce, "Iya, ba irin wannan daktan ba ne." Ta ce, "Au, na dabbobi ne? To akuyata ma tari take yi."

Ya yi ta aika wasiƙu jami'o'in waje, shiru. Ran nan sai ga amsa. Kun san me ya yi? Ya jefa ta ƙasan akwati.

Na ce, "Malam, buɗe mana!"

"Bari tukuna. Yanzu an ɗauke ni kuma ba a ɗauke ni ba. In na buɗe, ɗaya zai rage."

Ina dariya, shi kuwa ya rufe akwatinsa.

Bayan sati shida matarsa Hajara ta gaji, ta farke ambulan a gabanmu. An ɗauke shi, har da tallafin karatu, da sharaɗin ya amsa cikin wata guda. Wa'adi ya wuce.

Ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallon takardar. Can ya ce, "Hajara, ashe akwai wanda ya fahimci abin da na rubuta." Sai hawaye.

Bai sake nema ba. Ya ci gaba da koyar da 'ya'yanmu har ƙarfinsa ya ƙare.

Allah ya jiƙan Malam Sule, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajara haƙuri. Amin.