Abin da Inna take dubawa a ƙasa

Muna shiga wuri na uku, Inna ta sake sunkuyar da kai tana kallon ƙasa. Ni na ɗauka kunya ce.

Sati biyu muna neman inda za mu kai yayana Sale. Taramol ɗin da ya fara sha don ƙarfin noma a Likoro ya fi ƙarfinsa. Wurare biyun farko, ina cikin tambayar abinci da magani sai ta ce mu tafi, ba bayani.

A wannan asibitin na Zariya kuwa, ta daɗe tana kallon marasa lafiya suna alwala. Sai ta ce, "Nan za mu kawo shi."

Na ce, "Inna, ko likitan ba mu gani ba."

Ta ce, "Na ga ƙafafunsu. Nan ba tabo, can wuraren farko kuwa kowa da tabon mari a idon sawu. Ɗana ciwo yake yi, ba ɓarawo ba ne."

Jiya Sale ya kira ta da kansa daga asibitin, yana tambayar ko an zuba wa masararsa taki. Alhamdulillahi.

Ku da kuka taɓa irin wannan nema, me kuka fara dubawa? Ni dai ban taɓa tunanin ƙafa ba.