Baba Ya-Zo Ya Ajiye Tsani

Shekara talatin da ɗaya, da hantsi za ka gan shi tafe, tsani a kafaɗa, filaya da sukundireba a aljihu, nannaɗaɗɗiyar waya a wuya. Aikinsa ɗaura eriya da haɗa ta da talabijin. Sunansa na yanka ya ɓace mana tuntuni, saboda kalma biyu da yake ƙwalawa daga saman kwano yana juya eriya: "Ya zo?" Shi ke nan ya zama Baba Ya-Zo, har a bakin matarsa, Allah ya jiƙanta.

Mutumin yana da wata ƙa'ida mai ƙular da masu sauri. Ko gida duka zai amsa cewa hoto ya fito, ba zai sauko ba sai wanda ya fi kowa raunin ido a gidan ya ce ya gani. A cewarsa, mai lafiyar ido yana iya haƙuri da hoto mai rawa, tsoho kuwa an cuce shi. Mun sha yi masa tsiya cewa rana ce ta dafa masa kai.

Telan layinmu shaida ne. Mahaifiyarsa ta yi shekara huɗu a kwance, talabijin ce kaɗai tagarta zuwa duniya. Duk ranar da aka yi iskar hadari, washegari Baba na ƙofar gidan ba tare da an kira shi ba, don ya san eriyarsu ba ta jure iska. Zai yi ta juyawa, kwano na ƙona masa ƙafa, sai ya ji siririyar muryar tsohuwar ta ce, "Na gani, ɗan nan, sauko." Haka ya yi ta yi har ta rasu.

Baba, kai ne mai hawa don wasu su zauna. Ka shigar da hoto ɗakunan da ba su ƙirguwa, ba wanda ya tuna ka yana kallo, sai in hoton ya ɗauke.

Bara ya fara lalube kafin ya sa waya a bayan talabijin. Likita ya ce jijiyar ido ce, kuma ba ta dawowa. 'Yarsa ta ɓoye tsanin, suka yi kwana uku ba ya mata magana. Wallahi abin ya taɓa mu.

Makon jiya iska ta juya tasa eriyar. Tela, da tumbinsa da tsoron tsaninsa, shi ya hau. Ya juya eriyar, 'yar Baba ta leƙo ta taga ta ce hoto ya fito tas. Tela ya ce atafau ba zai sauko ba sai Baba ya faɗa da bakinsa.

Baba ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ƙura wa hoton ido. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ya zo, ɗan nan. Sauko kar ka faɗi."

'Yar ta ce mini da ya juyo, sai ya tambaye ta a hankali ko mace ce ke karanta labaran ko namiji, don an rage sauti.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da hasken da ya fi wanda ka rasa. Mu kuma da idonmu ke gani, kowa a sana'arsa, kada mu sauko sai mafi rauni a ɗakin ya ce ya gani.