Babana a Cikin 'Yan Ƙwallon Sikotlan

A duk gidanmu hoton Baba guda ɗaya ne, kuma yana cikin albam ɗin 'yan ƙwallon Sikotlan, shafi na tara, tsakanin wani gola mai manyan kunnuwa da wani jan kai da ba shi da wuya. Wanda ke jikin iƙamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, an karɓe shi tare da ita lokacin da ya rasu, kuma ko da an bar mana, hatimi ya riga ya cinye rabin fuskar. Shi ya sa idan mutane suna yi min dariya wai wasan yara ya biyo ni har furfura, ba na ɓata bakina wajen yi musu bayani.

Baba direba ne a Jidda lokacin ina firamare. Wani injiniya ɗan Sikotlan yake tuƙawa a wurin aikin tashar jiragen ruwa, ya dawo mana Makka ranar Alhamis da yamma. Baturen ba shi da hira sai ta ƙwallo, Baba kuma ba ya iya zama shiru a mota, sai suka daidaita. Matar mutumin tana aiko masa da katunan 'yan wasa da 'yan littattafan nan da ake sayarwa a ƙofar fili ranar wasa, shi kuma idan ya gama kallo ya miƙa wa Baba ya ce a kai wa yaro. Ni ban taɓa ganin Baturen ba, tunda ba Musulmi ba ne, ba shi da halin shigowa Makka. Da zai koma gida ya bar wa Baba jesi mai ruwan shuɗi mai duhu da zaki a ƙirji, ya sa shi ya saka a kan wandonsa, ya ɗora ƙafa a kan ƙwallo, ya ɗauke shi hoto. Baba ya sa almakashi ya rage hoton daidai girman kati, ya cusa shi cikin albam a tsakiyar Turawa. Duk wanda ya zo gidan sai ya buɗe masa shafin ya tambaye shi ko ya san wannan ɗan wasan, yana dariya tun kafin baƙon ya gane. A hoton ma dariya yake yi, har ana ganin haƙorinsa na Makka.

Haka na tashi ina goyon bayan ƙasar da ban san inda take ba. Yaran unguwarmu ta Aziziyya duk 'yan Barazil ne, ni kaɗai ne ɗan Sikotlan, kuma na sha tsiya, domin mutanena sun iya zuwa gasar duniya da waƙa su dawo gida tun kafin a gama yi musu rakiya. Ban taɓa canzawa ba. Sunayensu sun fi ƙarfin bakinmu, sai ni da Baba muka raɗa musu namu: Mai Giɓi, Jan Kai, Guntu, Tsohon Soja. Mutane ne da za ka gani a kaset sun yi kaca-kaca da taɓo, safa ta zube, jini a goshi, an kwashe mutum ya tashi ya ci gaba da gudu ko waiwaye babu. Rigarsu ba tallar kowa a jiki. Na yanzu kuwa, da za a taɓa musu gashi sai sun yi birgima uku, ba na ma iya gama kallon wasansu.

Bayan rasuwar Baba na ci gaba da tarawa. Alhazan Birtaniya da ke sauka a unguwarmu na dame su da tambaya, har wani dattijo mai asalin Pakistan da ya girma a can ya dawo wata shekara da ƙyallen wuya na ulu da ya ce na yayansa ne. Daga baya na koyi nema ta intanet. Albam ɗaya ya zama huɗu, ga littattafan wasa, ga tikiti da suka yi ja don tsufa. Na kuma koyi raina mutane. Akwai shaguna a unguwar Kudai da ke rataye riguna wai na da, kana shiga warin roba ya buge ka, zakin ƙirjin ya fi kama da kyanwar da ta sha ruwan sama. Samari su saya su sa su ɗauki hoto, ba su san ko mutum ɗaya da ya taɓa sa irinta ba. Ina wucewa ina tsaki.

Wannan raini shi ya kai ni inda ya kai ni. Yayata, wadda nake bi, ta roƙe ni ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba in bar ta ta ɗauki hoton Baba a wayarta. Na ce hasken waya yana kashe launin tsohon hoto, maganar da ni kaina ban san ko gaskiya ce ba. Gaskiyar ita ce rowa. Ina son duk mai son ganin Baba ya zo wurina, in wanke hannu, in buɗe masa shafin, in rufe. Ni ma ban ɗauka a tawa ba, wai don abu na asali ba a maimaita shi.

Mu mutanen Aziziyya muna da al'ada: idan mausim ya zo, wato lokacin aikin Hajji, mu kan kwashe mu bar wa alhazai gidan haya. Kaya a tura su ɗaki ɗaya a kulle, iyali su raɓa wurin dangi, kowa ya kama aikin da ya samu. Ni Mina nake tafiya, ina nuna wa alhazai hanyar tantinsu. Umma kuma ta koma gidan Yaya a Kudai. Shekara da shekaru kwalin albam ɗina yana kwana a ɗakin da ake kullewa, ba abin da ya taɓa shi. Idan mun dawo muka wanke gida, abu na farko da Umma take yi shi ne ta zauna a bakin gado ta ce in kawo mata babanmu. Idonta ya yi yana, na hagu ya tafi, na dama ne ke ɗan gani. Sai ta kai albam ɗin dab da hancinta ta daɗe, ta ce har yanzu yana dariya, sannan ta ce a ɗora shayi.

Shekaru uku da suka wuce, ina Mina, mai kula da alhazan da suka kama gidanmu ya ce mutanensa sun ƙaru, yana son ɗakin kayan ma a jera gadaje. Yaya tana can tana dafa wa alhazai abinci daga asuba zuwa magariba, sai mijinta ya ɗauki aikin kwashe kayan zuwa gidansu. Mutumin Kano ne, ya zo karatun hadisi ya zauna, ya aure ta bayan Baba ya daɗe a ƙasa. Ustaz muke ce masa. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, shi ke kai Umma asibiti, bai taɓa ɗaga wa Yaya murya ba. Amma irin mutanen nan ne da idan suka ga abin da suke ganin kuskure ne, hannunsu ƙaiƙayi yake yi har sai sun gyara.

Gindin kwalin da na sa albam ɗin ya ɓalle a kan matakala, komai ya watse. A nan ya ga abin da ke ciki. A fahimtarsa ba a ajiye hoton mai rai a gida, kuma ɗakin da zai sa kayan nan yake nafila. Ya ce ya kira ni sau uku. Na yarda, domin a Mina ranar jifa ko uwarka ce ta kira ba za ka ji ba. Da bai same ni ba sai ya yi shawara da kansa. Ƙonawa ya ga zalunci ne, zubarwa ma haka. Sai ya tuna abin da ya karanta, cewa idan aka shafe fuska hoto ya tashi daga hoto. Ya ɗauko baƙar maka, irin wadda ake rubuta suna da ita a jikin jakunkunan alhazai da jarkar zamzam, wadda ko ruwa ko rana ba sa goge ta, ya zauna.

Kwana biyu ya yi yana aikin. Abin da ya fi tayar min da zuciya har yau shi ne tsabtar aikin. Ba gaggawa ya yi ba. Kowace fuska ya zagaye ta tsaf, ya cike, bai taɓa riga ba, bai taɓa rubutun ƙasa ba, ya bar ta ta bushe kafin ya mayar cikin leda. Umma tana zaune a ɗakin da carbinta. Ta tambaye shi warin me take ji, ya ce gyara yake yi wa kayan ƙaninsa. Ta sa masa albarka.

Na dawo daga Mina na sauka gidan Yaya da tsakar rana, ƙafata duk ta kumbura, muryata ta dushe. Ko ruwa ban gama sha ba Ustaz ya fito da sabon kwali ya ajiye a gabana, baki har kunne.

"Alhaji, na ceto maka kayanka. Da wani ne da ya cinna musu wuta. Yanzu sai ka ajiye su hankali kwance, ba ko ɗaya da ya ɓata."

Na buɗe na farko. Mai Giɓi ba giɓi, Jan Kai ba kai, layi-layi na shuɗayen riguna da baƙin dunƙule a sama kamar an jera kwalaben man gashi. Warin tawadar ya cika min hanci. Na wuce zuwa shafi na tara ina addu'ar ko ya tsallake. Bai tsallake ba. Ga wandon Baba, ga silifas ɗinsa a kan ƙwallo, ga baƙaƙen hannayensa ya rungume a ƙirji, sama kuwa babu komai.

Na ce masa, "Ya Ustaz, wannan hannun ka ga ya yi kama da na Bature? Silifas fa? Wa ka taɓa gani yana buga wa ƙasa ƙwallo da silifas?"

Ya ce shi ba ya kallon su, yana sauri ne ya rufe fuskar don kada ya tsaya kallo. Da na faɗa masa ko wane ne, sai ya zauna a ƙasa a inda yake tsaye. Ya yi ta salati, ya yi ta neman gafara, har hawaye. Na so ƙwarai a ce ya yi min gardama, ya kawo min hujja, in samu inda zan zuba abin da ke cikina. Mutumin da ke kuka yana cewa ka yafe masa, me za ka yi da shi? Yaya ta shigo da warin albasa a jikinta, ta kalli shafin, ta kalli mijinta, sannan ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba, saboda Umma tana barci a ciki.

"Sau nawa na ce ka bar ni in ɗauka a waya? Sau nawa?"

Har yau ina jin haushin Ustaz, ina ƙyamar irin wannan kirki da ba ya tambaya, amma haushin da nake ji na kaina ya fi shi nauyi. Shi jahilcin fuskar Baba ne ya sa shi. Ni na san ta, na kulle ta a kwali don a riƙa roƙona.

Na gwada duk abin da aka ce min. Turare, man goge farce, har wani mai gyaran hotuna a Jidda na kai wa. Ya ɗaga shi a haske ya ce tawadar ta shige cikin takardar, idan ya matsa fuskar za ta fita tare da ita. Sauran katunan ban ko nemi gyaransu ba. Suna nan a kwalinsu, ban sake sayen ko tikiti ɗaya ba tun daga ranar, kuma idan na wuce shagunan Kudai yanzu ba na tsaki, ba ni da bakin yi. Ni da Yaya da Ustaz muka yanke cewa ba za a faɗa wa Umma ba.

Alhazai suka tafi, muka koma Aziziyya, muka wanke gida, muka fitar da gadajen ƙarfe. Da la'asar Umma ta zauna a bakin gadonta ta ce in kawo mata babanmu. Na ce ta bari sai gobe ta huta. Ta ce ita ba ta gaji ba. Na kawo.

Ba ta buƙatar a nuna mata shafin, da yatsa take ƙirgawa, kuma takardar hoton ta fi ta kati kauri. Ta kai shi dab da idon dama. Ta ɗan juya wajen taga. Ta goge idon da gefen mayafinta ta sake kaiwa, ta daɗe fiye da kullum.

"Ina ganin rigar," ta ce. "Ga ƙwallon ma. Amma fuskar duhu kawai nake gani, ya waladi. Bara ina ganin haƙorinsa."

Ina tsaye a kanta, maganar tana bakina. Na ce mata idon ne, likita ma ya ce yanar tana ƙaruwa.

Ta shafa wurin da babban yatsa a hankali. Ta ce to alhamdulillahi, an ara mata ido shekara saba'in da wani abu, Mai shi ya fara karɓar kayansa, amma da ta so a ce ba ta nan ya fara ba. Ta miƙo min albam ɗin ta ce in adana shi da kyau saboda jikoki, su da suke da ido su gani. Ranar ba ta ce a ɗora shayi ba, kuma tun daga wannan shekarar ba ta sake cewa in kawo mata shi ba.