Hedifon ɗin Dattijon Mairi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da ƙanin matata. Shi ne a sitiyari, don ni in na yi awa biyu ina tuƙi sai gyangyaɗi. Maiduguri muka nufa, kuma na san wasunku dariya za su yi in suka ji abin da ya kai mu: hedifon na je saye. Ba irin na kasuwar waya ba. Wani tsohon samfuri ne mai rufe kunne gaba ɗaya, bayansa raga-raga, wanda kamfaninsa ya daina ƙerawa tun ina firamare. Shekara shida ina cigiyarsa. Sau biyu ina ganinsa a intanet a ƙasashen waje, kafin in gama shawara da aljihuna wani ya ɗauke.

Wani aboki da muke fama da wannan ciwon na son kayan sauraro tare shi ya ba ni labarin wani dattijo a unguwar Mairi, tsohon mai haɗa sauti a gidan rediyo, yana da guda ɗaya kuma yana tunanin rabuwa da shi. Na kira shi. Ya faɗi kuɗi, ko tayi ban yi ba na ce na saya. Sai ya ce in dakata. Shi ba ya aika kaya a mota, kuma ba ya sayar wa mutumin da bai ga yadda yake saurare ba. Ya ƙara da cewa mutum biyu sun riga ni zuwa, ɗaya daga Abuja ɗaya daga Jos, duk sun koma da kuɗinsu. Da wannan fargaba na shiga mota: in yi doguwar tafiya in dawo hannu rabbana, ga matata da ta riga ta ce kuɗin ya isa firji.

Hanya ta yi mana kyau. A Azare muka karya da waina da miyar taushe, mai wainar ta ƙara mana biyu gyara don ta ga mun sha hanya. Potiskum kuwa tireloli ne jere kamar ba za su ƙare ba, ga warin shanu da dizal. Mun sha mai a Damaturu, ya ɗara na Kano tsada, ƙanin matata ya yi ta mita kamar daga aljihunsa ya fita. Daga nan hira ta ragu. Shingen bincike bayan shinge, a sauke gilashi, a nuna katin shaida, a wuce. Kowane direba sauri yake ya shiga gari kafin a rufe hanya da yamma. A gefen titi za ka ga kangon da ya ƙone, kusa da shi kuma sabon gini da rufin kwano mai sheƙi, mata na shanyar kuɓewa a gabansa. Ban ɗauki hoto ba, ban ga ya dace ba.

Da la'asar sakaliya muka shiga Maiduguri. Abin da ya fara tarbar mu inuwar dogon yaro ce, titi bayan titi, sai zafin da ko inuwar ba ta iya masa. Garin ya fi yadda nake zato kwanciyar hankali. Ko'ina ka gifta mutum sai ƙamshin turaren wuta ya biyo shi, har mai keken da ya nuna mana masauki.

Washegari muka nufi Mairi, can wajen jami'a, inda ɗalibai suka cika layi da shagunan buga takardu. Dattijon na zaune a ƙofar gida, dogo siriri, da hula mai aiki a karkace. Ya tarbe mu da "wushe, wushe", gaisuwarsu ta Barebari, ya dubi ƙanin matata sama da ƙasa ya tambayi asalinsa. Da ya ji Bafulatani ne sai ya ce to madalla, na kyauta da na zo masa da bawansa, ya je ya ɗauko buta. Ƙanin matata ma bai bari ta kwana ba, ya ce ai ya zo duba talakawansa ne. Wasan Barebari da Fulani ya ci kusan rabin awa, ni kuwa idona na kan ƙofar ɗaki.

Ɗakin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da tsofaffin barguna don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Kaset-kaset cike da kwalaye, kowanne da rubutun biro. Rikoda da amfilifaya duk a kan batirin sola suke, ya ce janareta na sa musu gurnani. Ya buɗe wani akwatin katako, ya warware farin ƙyalle, sai ga abin da na yi shekara shida ina kallo a hoto. Fatar kunnen ta ɗan koɗe, kuma ita ma turaren gidan ya kama ta.

Na zaro wayata mai cike da waƙoƙin gwaji, irin waɗanda mu masu wannan ciwo muke yawo da su. Ya ɗaga hannu ya ce in mayar. Ya zaɓi wani kaset da aka rubuta "Konduga" a jikinsa, ya sa mini hedifon da hannunsa, ya danna. Mata ne ke sussukar gero suna waƙa da Barbarci, taɓare na sauka bi da bi. Ban yi minti biyu ba bakina ya ɓalle. Da abin a kaina, da ƙarfi kamar mai kiran wani a gona, na shiga yabo: yadda dukan turmi ke sauka har ƙirji, yadda sautin ya buɗe kamar ba a kunne yake ba, ba kaushi ba ƙara. Duk kalmomin da na haddace a zaurukan intanet sai da na zazzage su.

Ya kashe rikoda. Ya ce, "Ɗana, me ka ji?"

Na ce, "Baba, tsabta na ji, da zurfi. Ban taɓa jin irinsa ba."

Ya ce, "Na Abuja ma haka ya ce." Ya cire hedifon ya fara naɗe shi a ƙyallensa. Sai da ya rufe akwatin sannan ya ce kunnena bai sauka daga mota ba tukuna. A zamaninsu, wanda ya yi doguwar tafiya ba a ba shi aikin sauti sai ya huta. In je in yini ban sa komai a kunne ba, in dawo gobe da hantsi kafin masu injin markaɗe su tashi. Ya ce wannan alfarma ce, kuma darajar bawansa na ci.

Muka tafi kasuwar Gamboru don kashe lokaci. Raina a jagule yake, amma kasuwa ba ta san da haka ba. Busasshen kifi tuli-tuli, mai sauƙi idan aka gwada da namu na Kano, tattasai, kanwa, wake buhu-buhu. Na sai wa matata humra da turaren wuta, toshiyar baki tun kafin a yi shari'a. Muka ci burabusko da miyar yakuwa a wata rumfa, ƙanin matata ya ƙara faranti yana cewa abincin bayinsa ba laifi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na manta rabon da in yi tafiya a kasuwa ba waya a kunnena. Na ji maƙera can nesa, na ji wata tsohuwa na ciniki da Larabcin Shuwa tana ƙarasawa da Hausa, na ji ƙarar awo a kwano. Duk suna nan, ni ne ba na nan.

Da hantsi muka koma. Kaset ɗin jiya ne dai. Wannan karon na rufe ido na kama bakina. Waƙa ta yi nisa, taɓare na sauka, iska na kaɗa makirufo. Sai can ta hagu, nesa, bayan masu waƙar, na ji wata mace ta ɗaga murya. Ba waƙa take ba, kira take. Ta sake. A na uku muryar ta yi kaifi irin na wadda aka ƙyale. Sai wani namiji dab da rikoda ya ja ɗan tsaki. Na ɗaga hannu, ya tsayar.

Na ce, "Baba, ba na jin Barbarci. Amma akwai wata mata a baya tana kiran wani, shi kuma ya yi tsaki."

Ya ce, "Sau nawa ta kira?"

Na ce, "Uku."

Ya dafa rikodar. Sannan ya ce mahaifiyarsa ce. Yana saurayi ya je ƙauyensu kusa da Konduga ɗaukar waƙar sussuka, ita kuma tana kiransa ya zo ya ci tuwo kafin ya huce. Tsakin nasa ne, haushi ya ji ta ɓata masa aiki. Ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba, ƙauyen ma yanzu ba kowa. Shekaru da dama a wannan hedifon kaɗai yake jin ta. Shekara uku ke nan ya daina ji. 'Ya'yansa sun gwada a rediyon falo sun ce ba komai sai shuu. Bai sani ba ko kaset ne ya mutu, kuma bai so ya faɗa wa kowa abin da zai nema, don mai son kaya zai ce ya ji.

Ya ce, "Ashe tana nan. Kunnen ne ya tafi." Ya tura mini akwatin.

Ban taɓa samun abin da nake so na ji nauyinsa irin na ranar ba. Da bakina na tabbatar masa ba zai sake jin ta ba, kuma wannan ne ya sa ya sallama mini kayan. Na ce ko ya riƙe abinsa. Ya ce me zai yi da shi, hula yake da ita. Kafin mu fita na juye kaset ɗin a kwamfutata, na bar wa babbar 'yarsa kwafi, na rubuta mata daidai wurin da kiran yake.

Washegari muka juyo da sassafe, ana buɗe hanya. Shingayen nan dai, tirelolin nan dai, sai akwati a cinyata har Kano. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Shekara da shekaru ina tara kayan sauraro, ashe kayan nake saurare, ba abin da ke cikinsu ba.

Ranar da na fara zama da shi a gida, na gano abin da ragar bayansa ke yi: ba ta toshe ƙarar ɗaki. Ina tsakiyar waƙa na ji matata daga kicin tana cewa abinci ya sauka. A da sai ta kira ta gaji ta aiko. Ban bari ta kai na biyu ba.